Allon da Ba a Wanke Ba

An ce wani sarki a wata ƙasa ta gabas, mai yawan jama'a da saurin hukunci, Allah bai ba shi ɗa ba sai guda ɗaya, sunansa Nafi'u. Yaron yana shekara tara zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, kafin a sauko daga Juma'a an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai, sarki ya shiga ɗakin yaron shi kaɗai. Ya tarar da 'yan takalmansa a bakin ƙofa, hularsa a kan gado, allonsa kuma jingine da bango. Ya ɗauki allon, sai ya gane rubutun: shi ne dai wanda ya taɓa hangowa kusan wata biyu da suka wuce. Al'adar makarantun ƙasar kuwa, yaro ba ya wanke allo a rubuta masa sabon darasi sai malami ya yarda ya iya na kai.

Sarki ya nuna wa waziri. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, 'ya'yan fadawa sun wanke sau goma a tsakanin nan. Har ji na yi an zaunar da yarima kusa da ɗan majemi, yaron da sauran yara ke toshe hanci saboda warin jima."

Baƙin cikin da ya kwana bakwai yana yawo a ƙirjin sarki bai sami masauki ba, nan take ya samu. Ya ce a kawo masa malamin, in bai kawo hujja ba a rufe makarantarsa, ya bar garin kafin rana ta faɗi.

Aka zo da Malam Hambali, tsoho siriri, yatsunsa sun rine da tawada. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya yi ta'aziyya. Sarki ya ɗaga allon ya ce, "Ya kai malam, mene ne aikin malami?"

"Ya sarki, ya san yaron da ke gabansa, kuma kada ya yi masa ƙarya."

"To ɗana, da duk fadar nan ta shaida kaifin kansa, me ya hana shi wanke allo har ya bar duniya?"

"Hannu biyu suka hana, ya sarki. Ɗaya ya riƙe allon kwana arba'in, ɗayan kwana uku. Na kwana ukun ya fi nauyi."

"Na wa ne na arba'in?"

"Nawa ne, ba na musu. Nafi'u kunne gare shi: in ya ji abu sau ɗaya ya riƙe. Yakan biya darasi tiryan-tiryan, idonsa na kan tsuntsayen durumin da muke karatu a gindinsa. Wata rana na ɗora yatsa a tsakiyar layi na ce karanta nan. Ya kasa. Ashe da ka yake zubawa, bai san baƙi ko ɗaya ba. Kowa na cewa madalla, ni kaɗai na san ɗanka bai iya karatu ba. Da na bar shi ya wanke, da na faranta wa fada, na cuce shi."

Sarki ya ce, "Shi ya sa ka wulaƙanta shi da ɗan majemi?"

"Cindo sunansa, ya sarki. Shi kansa da nauyi, amma ba ya wuce harafi sai ya taɓa shi da yatsa. Na ce wa Nafi'u, ga ɗalibinka, koya masa. Ranar farko ya yi kuka, ya ce wari. Ranar goma tabarma ɗaya suke zama, ƙosai ɗaya suke rabawa. Don kada ɗalibinsa ya kunyata shi, dole ya dubi abin da yake nunawa. Ranar arba'in na ɗora yatsa ko'ina, ya karanta. Na ce tashi ka wanke."

"To me ya hana?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Sarki ya ce, "Faɗi, na ba ka amana."

"Cewa ya yi, Malam, bari tukuna sai Baba ya ji na karanta da yatsa. Ya rungumi allon ya yo gida. Kowace safiya in tambaye shi, ya ce Baba ya ce gobe."

Sarki ya tuna. Ranar Asabar yana shirin fita zaman shari'a, yaron ya tare shi a soro da allo a ƙirji, ya ce, "Baba, tsaya ka ji." Ya shafa kansa ya ce gobe. Lahadi baƙi suka zo. Litinin ya hango shi a bayan labule, gefen allon ya leƙo, ya ɗaga masa hannu alamar ya jira, har aka tashi bai waiwaye shi ba.

Malam Hambali ya ce, "Ni ma ina da nawa laifin, ya sarki. Tun gobe ta biyu ya kamata in ɗauki sandata in zo in ce maka, yaron nan ɗan lokaci kaɗan yake roƙo. Na ɗauka aikina ya ƙare a bakin makaranta. Kwarjinin fada ya hana ni. In don wannan za a kore ni, ban da ta cewa."

Da sarki ya buɗe baki, muryarsa ba ta sarauta ba ce. Ya ce, "Malam, akwai wanda zai karanta mini shi yadda shi zai karanta?"

"Akwai ɗalibinsa."

Waziri ya ce a aika a kawo yaron. Sarki ya ce, "A'a. Wanda ya sa aka jira shi, shi ke zuwa."

Ya tafi a ƙasa, allon a hannunsa, har gindin durumin. Ya zauna a tabarma kusa da Cindo, warin jima bai sa ya matsa ba. Yaron ya ɗora yatsa, ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya. A layi na huɗu ya tsaya ya ja numfashi, ya ce, "Nan Nafi'u yake tsayawa. Ya ce wurin da santsi, a taka a hankali." Sarki ya rufe fuska da hannun riga har aka kai ƙarshe.

Aka kawo ruwa a ƙwarya. Sarki ya wanke allon da hannunsa, ya shanya shi a rana, da ya bushe ya miƙa wa Cindo. Sa'an nan ya juya ga tsohon ya ce, "Na kira ka in yi maka hukunci, ashe ni ne mai amsa tambaya. Zauna a makarantarka. Duk ranar da ka ga na ce wa wani gobe, ɗauko sandarka ka zo."

An ce tun daga ranar bai ƙara yanke hukunci ba sai ya ji mai magana har ƙarshe, yaro ne ko babba. Yakan ce wa alƙalansa, "Adalci daga kunne yake farawa. Wanda ya zo maka yau, ka ji shi yau."