Kurege Ya Yanka Wa Daji Fuloti

Ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zauna.

A wata shekara rani ya yi tsanani, kowa a daji yana cin abin da ya tara, ban da Kurege, wanda ya yi damina yana barci da kushe noman mutane. Yunwa ta kai shi bakin titi, inda ya tarar da masu awon fili. Kwana uku ya yi a ƙarƙashin motarsu yana saurare. Da suka tafi, ya tsinci ragowar jan fenti da guntun igiyar awo da kalmomin Turanci guda uku. Ya kifa murfin gwangwani a ka, ya ɗaura leda ruwan ɗorawa a ƙirji.

"Daga yau ni ne Injiniya," in ji shi. "Ni na sha Turanci har ya ƙware ni."

Ya nufi wurin Biri, wanda ya baje gyaɗarsa tana shan rana. Ko sallama bai yi ba, ya shafa wa bishiya jan fenti.

"Malam, lafiya?" in ji Biri.

"Lafiyar ke nan. Nan wurin ya zama rizab."

"Mene ne kuma rizab?"

"Kai, jahilci bai yi ba. Wuri ne da hukuma ta keɓe, ba a noma, ba a tsinka, ba a ɗaukar ko tsinke. Ka tashi yanzu, hannu biyu."

Biri, da duk wayon da ake ba shi, ya tafi yana ba da haƙuri. Kurege ya yini yana jidar gyaɗa yana binnewa a gindin tsamiyar da ke bayan kogon Zaki, don ya san babu mai ƙarfin halin tono a nan.

Da gari ya waye ya je wurin Gadu, mai haƙora kamar lauje, wanda ya tara rogo rami guda. Ya ja igiya ta bi ta tsakiyar ramin.

"Baba Gadu, albishirinka. Unguwarku ta zama leyawut."

"Ci ake yi?" in ji Gadu.

"Leyawut fili ne da aka yanka fuloti-fuloti, aka fitar da tituna. Titin farko ta kan rogon nan zai bi. Ka koma gefe, za mu kira ka."

Gadu ya koma gefe, har yana godiya da ci gaba ya zo. Rogo ya bi gyaɗa. Kurege ya dubi tarinsa ya ce, "Abincin wata biyar, da kalma biyu. Ni kaina ina tsoron kaina."

Yana cikin rufe ramin sai ga inuwa ta rufe shi. Zaki ne.

"Kai wane ne, me kake yi a bayan gidana?"

Saura kalma ɗaya a bakin Kurege. Ya gyara murfin gwangwani.

"Ranka ya daɗe, Injiniya ne. An turo ni in shaida maka nan wurin ya zama jiyare."

"Fassara."

"Unguwar manya, ranka ya daɗe. Shiru, iska, inuwa. Ƙananan halittu ba sa shiga, ko wucewa ba sa yi."

Zaki ya lumshe ido. Shekara da shekaru yana jin ya fi kowa, yau ga shi an faɗa da Turanci. Nan take ya sa Kurege ya kafa turaku kewaye da kogon har da tsamiyar, ya kira Kura ya naɗa ta maigadi.

"Duk wanda bai kai gwiwata tsawo ba, kada ya tsallake," in ji Zaki. "Injiniya, mun gode. Fita."

"Ranka ya daɗe, ai ni ma'aikaci ne."

"Ka kai gwiwata?"

Ko ƙafarsa bai kai ba, har da murfin. Haka ya fita, ya yini yana kallon tsamiya daga nesa, cikinsa yana kuka.

Da gari ya waye ya dawo da igiyarsa, ya sami Kura a bakin turaku tana hamma.

"Iya Kura, an yi kuskure a awo. Tsamiyar nan ba ta cikin jiyare."

"To ina take?"

"A waje. Filin kowa da kowa ne."

Ya tumɓuke turke ya dawo da shi taku goma. Kura ta ga aikinta ya ragu, ta yi murna, kuma da yake ba ta iya riƙe magana ba, ta ɗaga murya ta sanar da daji cewa inuwar tsamiya ta zama ta kowa.

Waɗanda suka fara zuwa su ne marasa wurin zama, wato Biri da Gadu. Gadu ya kwanta, hancinsa ya taɓa ƙasa, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Wannan ƙamshin na san shi," in ji shi.

Haƙori biyu ya sa, sai ga rogo, sai ga gyaɗa.

Biri ya juyo a hankali. "Injiniya, wannan ramin kuma me ake ce masa da Turanci?"

Kurege ya buɗe baki, amma kalmomin uku ne, kuma sun ƙare. Biri ya ɗauke murfin gwangwani, sai ga kunnuwan da kowa ya sani. Gadu ya ɗaga shi sama da haƙori, Biri ya tare shi da mari, Kura ta cafki wutsiya ta tsira da gashi cike da baki. Zaki ko motsi bai yi ba, ya ce hayaniyar ba a unguwarsa ake yi ba.

Da ƙyar Kurege ya suɓuce, ya haye tudu yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure, ciki babu komai. Daga can ya juyo.

"Ƙauyawa kawai. Na kawo muku ci gaba kun saka mini da duka. Ku riƙe dajinku, bakin titi zan koma. Na ji an kawo sababbin kalmomi."

Biri ya ɓare gyaɗa ya jefa a baki, ya jefa masa ɓawon.

Nan ta tsaya, kowa ya kama gabansa, kuma kada wanda ya taɓa mini gyaɗa.