Askin Bidi a Tsakiyar Hunturu

An yi wani Carki mai taƙama da jan bakinsa, wanda ya rantse tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar tsuntsu kamarsa ba. Wai mai laifin amininsa ne, wani doki mai sanyin hali da ake kira Bidi, don hunturu ya sa ya tara gashi buzu-buzu.

"Yaya Bidi, wannan cin amana ne," in ji Carki. "Shekara bakwai ina cire maka kaska. Yanzu sai na yi tono kamar mai haƙa rijiya kafin in sami guda. Dubi bakina, har ya fara koɗewa."

"Gashin nan ai bargona ne, ƙanena. Kai ma a ciki kake fakewa."

"Bargo? Jiya na ji jakuna suna tambaya wai ko kai tsohon rago ne."

Ƙarya ya shirga. So yake a aske gashin, kaska su fito fili, ya ci ya yi nak.

Bidi ya dube shi, ya ce, "To, mu je."

Suka tafi rafi wurin Ƙaguwa wanzamiya, mai kaifin almakashi da ƙarancin magana.

"A wannan sanyin?" ta tambaya.

"Ke dai yi aikinki, Inna," in ji Carki.

Bidi ya shiga ruwa, ya sunkuya ya raɗa mata wata magana. Ta hau bayansa ta kama aski. Carki kuwa ya hangi inuwarsa a ruwa, ya shagala da juya baki hagu da dama. Bai lura gashin yana zuba a rafi da kaskar duka ba, kifaye suna ta wawaso. Kafin ya ɗago, Bidi ya zama sumul, yana karkarwa.

Da suka koma gida, mai dokin ya yi salati, ya lulluɓe shi da buhuna, ya ɗaure tam da igiya.

Washegari da safe iska ta taso. Carki ya takure a kan danga, ba abinci, ba mafaka.

"Zo ka leƙa wuyana," in ji Bidi.

Ashe geza tana nan, ko gashi ɗaya ba a taɓa ba. Ga ɗumi, ga kaska biyu ƙosassu.

"Ni na ce wa wanzamiya ta bar maka nan," in ji Bidi.

Carki ya nutse a ciki, sannan ya ce:

"Yaya, jakunan nan ba su ce komai ba. Ni na ƙulla abin duka."

"Na sani, tare da su muka yi kiwo ranar. Gani na yi kana ramewa."

"Ramewa? Ni? Tsarin jikina ne haka."

Darasin wannan labari shi ne, kwaɗayi yakan sa mutum ya yaye bargon da shi ma yake ciki. In kuwa ka sami aminin da zai sha sanyi dominka, kada ka sake yi masa ƙarya.