Faliyatib ɗin da Barmani Ta Jira

Masu labari sun ce a ƙasar Kwarin Gauraka an yi wani hakimi, Shu'aibu, wanda ya sha boko har ya ƙoshi. Mutumin kirki ne, sai dai in magana ta yi masa nauyi a baki yakan ruga ya ɓuya a bayan Turanci.

Ƙaninsa Isyaku na kwance a asibitin birni, likitoci kuwa sun gaya wa Hakimi cewa iyawarsu ta ƙare. Kullum ya dawo, mahaifiyarsu Hajiya Kande takan tambaye shi jikin ɗanta, shi kuwa ya ce, "Inna, 'yar komfilikeshin ce aka samu." Tsohuwa ta gyaɗa kai, ta ci gaba da dakan kimba da citta na kunun da za ta dama wa Isyaku ranar da aka sallamo shi.

Wata rana bayan la'asar Hakimi ya kasa riƙe abin, ya gaya wa Galadima Makau, aminin mahaifinsa, yana share ido da hannun riga. "Baba Galadima, tausayinta nake ji. Ai ban yi ƙarya ba, kalmar likita ce."

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tsoron kada abin da ya sami Barmani matar marini ya sami Hajiya."

"Me ya same ta?"

Galadima ya gyara zama ya ce:

An yi wani marini, Sallau, da ciwon hanta ya kwantar da shi a wani asibiti, matarsa Barmani na jinya. Ɗansu ɗaya ne, Gambo, yana can kudu yana fataucin albasa. Wata safiya likita ya duba Sallau, ya sauke murya ya ce da Barmani, "Mama, daga yau za mu sa shi a faliyatib." A wurin likita, ma'anarta an daina neman warkarwa, sai dai a rage wa mara lafiya zafi har ta Allah ta kasance. Barmani kuwa ta san kalmar sarai. Ita ce sunan shinkafa da taliyar tallafi da aka taɓa rabawa a unguwarsu. Sai ta durƙusa tana godiya, tana sa wa likita albarka. Likita ya ɗauka tawakkali ne irin na mutanen da can, ya wuce gado na gaba.

Da Gambo ya bugo waya ya ce zai taho, ta ce, "Zauna ka sayar da kayanka. Har an sa babanka cikin masu samun faliyatib. Wa ke ba wanda ba zai tashi ba shinkafa?"

A gadon da ke kusa akwai wani tsohon tafintan kotu, Malam Ilu, wanda ya ji komai kuma ya san ma'anar. Bakinsa ya yi nauyi, sai ya kewayo. Ya ce, "Baiwar Allah, kin san labarin ragon da aka yi wa sarauta?" Ta ce ba ta sani ba. Ya ce:

Wani Alhaji mai son Turanci ya shiga garkensa da baƙo, ya dafa wani rago ya ce, "Wannan na sakirifayis ne." Rago bai taɓa jin kalmar ba, sai ya tambayi jaki, don shi ne ke zuwa kasuwa. Jaki ya kaɗa kunne ya ce, "Kalma mai tsawo haka ba ta rasa rawani. Ko turakin garke ne, ko abin da ya fi." Aka ware rago ana ba shi dusa da harawa, ya fara tafiya da ƙasaita. Uwarsa tunkiya ta leƙo ta danga tana kiransa, ya ce ta yi haƙuri sai bayan naɗi. Ranar da aka wanke shi aka ja shi tsakar gida, sai da ya ga an tona rami ana wasa wuƙa sannan ya gane layya ake nufi. Ya waiga neman uwarsa, an riga an kora garke kiwo.

Malam Ilu ya ce, "Kin gani, rashin sani ya fi dare duhu. In aka ba ka kalmar da ta fi bakinka, ka tambayi mai ita, kada ka tambayi jaki."

Barmani ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Wannan rago da wauta yake." Ta koma bakin ƙofa tana duban hanyar da masu rabo za su ɓullo, da ɗan buhunta a ninke a ƙarƙashin tabarma.

Sallau ya yi ta tambayar Gambo, tana cewa yana nan tafe bayan kasuwa. Ya cika bai ga ɗansa ba. Gambo ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Da aka fassara wa Barmani kalmar, ba ta yi kuka ba a lokacin. Cewa ta yi, "Da ma da Hausa aka gaya mini." Har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin shinkafa ba.

Da Galadima ya kai aya, Hakimi ya ce, "Laifin likita ne, da ya fassara mata."

Galadima ya ce, "Likita baƙo ne, ranka ya daɗe, bai san kalmarsa tana da wani gida a unguwarsu ba. Wanda nake jin haushi Malam Ilu ne. Ya sani, yana da Hausa a bakinsa, ya tsaya ba da labarin rago. Tatsuniya ma doguwar kalma ce in mai ita tsoro yake ji. Don haka ni ba zan bar ka da labari ba. Rai na hannun Allah, amma likitoci sun ce Isyaku tafiya yake yi, uwarsa kuma tana ciki tana dakan kayan kunu. In ya tafi ba ta gan shi ba, kai ne ka tare hanya."

Maganar ta soki Hakimi har ƙashi, don gaskiya ɗaci gare ta. Ya ce, "Na karɓa, Baba." Ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a kan buzu, ya shiga cikin gida.

Ya tarar da Hajiya Kande tana tankaɗe. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, likitoci sun ce magani ya ƙare. Sai addu'a."

Tsohuwa ta ajiye rariya a hankali, ta yi salati, hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Tun ranar da ka fara yi mini Turanci gabana yake faɗuwa, Babana. Jira nake ka faɗa mini da harshen da na shayar da ku."

Ta rufe garin kunun da faifai, ta ce a miƙo mata mayafinta, a fito da mota.