Kwalba Biyu a Cikin Auta

Akwai wani tela da ake kira Dogo, mutum mai zuciya a kusa. In ya yi fushi da matarsa sai ya ɗauke mata wuta, ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Ana cikin irin wannan gabar zazzaɓi ya kama autarsu, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Jikinta da zafi, amma tana shan nono, tana wasanta.

Dogo ya kasa zama a shago. Ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake. Can ya miƙe ya sayo maganin zazzaɓi na ruwa a kemis, ya leƙa gida. Matar tana shanya a waje. Ya ɗura wa yarinya, ya jefa kwalbar a aljihu, ya fice. Wai shi ya fi ƙarfin tambayar mace! Bai jima ba ya dawo, ya taɓa goshinta, ya ƙara mata.

Ashe uwar ma tana ba ta nata. Kwalba daban, suna daban, amma maganin ciki ɗaya ne.

Haka suka yi ta yi, ba mai gaya wa wani, har yarinya ta fara amai, ta ƙi nono, ta yi laƙwas.

A asibiti likita ta ce, "Wa ke ba ta magani?"

"Ni ne," in ji Dogo.

"Ni ce," in ji matar.

Suka kalli juna, kowa ya fito da kwalbarsa. Likita ta duba kwalaben, ta girgiza kai. "Yaron da ke sha yana wasa, ba dole sai an kashe zafin jikinsa ba. Shi kuwa wannan maganin, in ya yi yawa hanta yake taɓawa."

Aka ɗebi jini, aka ɗaura ƙarin ruwa. Dogo ya zauna, ya tashi, ya kai gwauro ya kai mari a baranda. Tsoro ya cika shi, kunya ta hana shi shiga.

Matar ta fito, idonta jawur. "Baban Auta, da ka tambaye ni."

Yarinya ta rayu, amma da ƙyar. Ranar da ta buɗe ido ta miƙo masa hannu, Dogo ya kasa ɗaukarta, kuka ya ci ƙarfinsa.

Darasi: Girman kan manya, yara ke shan wahalarsa. Mutum ɗaya ya riƙa ba yaro magani, daidai da awon da ma'aikacin lafiya ya faɗa. In jariri ne, ko yaro ya ƙi sha, ko ya galabaita, ko yana jijjiga, a garzaya asibiti. Ku tura wa duk mai ƙaramin yaro a gida.