Alamar Motsin Rai da Auta Ta Manta

Akwai wata tela da ke ɗinki a zauren gidanta. Autarta ta shiga koyon yaren kwamfuta, irin wanda ake gina shafin intanet da shi. Kwamfutar ma aminiyar uwar ce ta ba ta, matar da Auta ke kira Anti tun tana goye.

Daga fara karatu kan yarinya ya kumbura. Malaminsu kullum faɗa yake: a yaren nan ko ɗigo ba a rainawa, kowa ya duba aikinsa kafin ya sake shi. Ita kuwa sai ta taɓe baki, wai ta wuce nan.

Ta gina wa uwar shafi, ta jera hotunan ɗinki. An koya musu cewa idan ka fara layi da kan kibiya, da alamar motsin rai, da karan ɗori biyu, abin da ka rubuta zai ɓoye, baƙo ba zai gani ba. Wurin ajiye tuni ne. Auta ta mayar da shi wurin gulma.

Wata safiya uwar na kan keken ɗinki, sai ga aminiyarta ba ko murmushi. Ta miƙa wa Auta waya.

"Karanta wa ummanki abin da ke ƙarƙashin hoton rigata."

Auta ta duba. Ashe ta manta alamar motsin rai, layin ya fito fili, duniya na gani.

"Ba da ke ake ba?" in ji uwar.

Auta ta karanta: "Rigar Anti Buhu. Yadi goma ba ya isarta, ga surutu kamar rediyo."

Uwar ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Matar da ta yi jinyarta a asibiti! Ta tsayar da keken, ta miƙe.

Auta ta ja kwamfuta, ta danna. "Umma, alama ɗaya ce kawai. Na saka, yanzu ba mai gani."

"Ba mai gani? To yana nan ko ba ya nan?"

"Yana nan, amma a ɓoye."

"Ji mini 'yar banza! Ina cewa kin ci mutuncin mutum, kina ce mini alama! Da wadda ta ba ki abin za ki fara gwada shi? Ni in ɗinki ya karkace farke shi nake, ba na rufe shi da leshi. Goge shi ina kallo!"

Auta ta goge. Ta durƙusa tana kuka, tana ba da haƙuri.

Aminiyar ta tattara yadukan da ta kawo ɗinki. Uwar ta riƙe mata hannu, ta zare a hankali. Auta ta rufe kwamfutar ta miƙa mata.

"Riƙe abinki, 'yar nan," in ji aminiyar. "Buhu ba ya karɓe kyautar da ya bayar."

Ta fita. Kujerarta ta gefen keke har yau babu kowa a kai.

Darasi: Ku masu koyon aiki, ku duba abin da hannunku ya yi kafin ku sake shi. Kuma maganar da ba za ku iya faɗa a gaban mutum ba, kada ku rubuta ta ko a ɓoye, balle a kan wanda ya yi muku alheri. Ku tura wa 'ya'yanku da jikokinku, musamman masu ganin sun fi kowa sani.