Mai Guga da Gizo-gizon Aro

An yi wani mai wanki da guga da ake kira Ƙal-ƙal, saboda tsabtarsa ta wuce misali. An ce ko inuwarsa ce ta faɗa kan taɓo sai ya koma gida ya sake wanka. Tsabta ba laifi ba ce. Aibinsa shi ne duk abin da bai gane amfaninsa ba, a wurinsa datti ne.

Surukinsa tsoho ne mai rumfar rainon dashen lemo. Da za a kwantar da shi asibiti a yi masa aikin gwiwa, sai ya danƙa wa Ƙal-ƙal rumfar, ya ce, "Ruwa kawai za ka ba su safe da yamma. Dashen nan su ne aikina na shekara guda. Kada ka ƙara komai, kada ka rage."

Ƙal-ƙal ya shiga rumfa, ya ɗaga kai, sai ya ga yanar gizo-gizo ko'ina. A kusurwa ma akwai wani babban gida da suka saƙa, suna zaune a ciki ɗaruruwa kamar 'yan haya, ƙuda ɗaya ya faɗa su taru a kansa. Ya riƙe baki ya ce, "Ashe haka Baba yake zaune cikin ƙazanta!" Ya ɗaura tsintsiya a dogon sanda. Kafin rana ta take, rumfa ta yi fes, ya tsaya yana jiran wanda zai yaba.

Ba a daɗe ba masu yabon suka iso. Wasu ƙananan ƙudaje ne farare, da asu masu zuba ƙwai a bayan ganye. Sabbin ganye suka fara nannaɗewa, wasu suka yi rawaya. Hankalin Ƙal-ƙal ya tashi, ya kira matarsa, wato 'yar tsohon.

Ta dubi rufin, ta dube shi, ta ce, "Maigida, ina masu gadin Baba?"

"Wane masu gadi? Yana ce kawai na share."

"To, ka kori masu gadi, ka bar wa ɓarayi ƙofa a buɗe. Magani kuwa kada ka soma, Baba ya ce yana ƙona masa sabon toho. In ya dawo ya tarar da itace tsirara, kai za ka yi bayani, ni ba na nan."

Haka mutumin da ƙura ba ta taɓa hawa takalminsa ba ya ɗauki kwalba ya shiga gari neman gizo-gizo. Ya fara da garejin bakanike.

Bakanike ya goge hannu ya ce, "Ƙal-ƙal, yau kai ne a garejina? Me aka rasa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Aron gizo-gizo na zo."

"Aro! Yaushe za ka dawo da su? A goge nake son su, da karin guga."

Ƙal-ƙal ya hau tsohuwar taya yana kamawa. Daga nan ya bi shagon kafinta da bayan sito, duk wanda ya samu ya jefa a kwalba ɗaya, don ya ga na rumfa suna zaman lafiya tare. Da ya iso gida ya buɗe, sai ya tarar da guda ɗaya rak, ya yi ƙiba, yana share baki.

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Na kusurwa dangi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Waɗannan kuwa ka haɗa baƙi a ɗaki ɗaya ba abinci. Me kake so su ci?"

Washegari ya koma da kwalayen ashana, kowane gizo-gizo da ɗakinsa. Ya yi ta jigila yana sakin su tsakanin dashe, gwiwar wandonsa baƙi ƙirin da man inji. Sannu a hankali zare ya fara ƙyalli tsakanin rassa, ƙudaje suka ragu, sabon toho ya fito kore shar. Ƙal-ƙal ya yi ajiyar zuciyar da ta kaɗa yanar da ke kusa da shi, ya yi sauri ya ba mai ita haƙuri.

Ranar da aka sallamo tsoho, ya dogara sanda ya shiga rumfa. Ya shafa ganye, ya juya bayansu, sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufi. Ƙal-ƙal ya matso kusa da shi.

Tsoho ya ce, "Waɗannan ba nawa ba ne."

"Baba, ai..."

"Wancan mai dogayen ƙafafu ma warin gareji yake yi." Ya gyara riƙon sandarsa, ya ƙara da cewa, "Amma suna aiki. Bar su. Kawo mini kujera, gwiwar nan ba ta son tsayuwa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya kawar da abin da ya tarar a wurin wani don kawai bai yi masa kyan gani ba. Ka tambayi aikin da yake yi kafin ka ɗaga tsintsiya, domin abin da ka share cikin sa'a guda, mai yiwuwa da rarrafe za ka nemo shi.