Jinkar Ɗakin Iya Kulu

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san rufin kwano ba, kowa ɗakinsa na jinka ne. Sunansa Nomau, sana'arsa tufkar igiya. Kafin in shiga labarinsa, bari in faɗa muku tun yanzu: garin nan yana gab da aikata mummunan abu, kuma ba mugaye ne za su aikata shi ba. Mutane ne masu salla, masu zumunci, irina da irinku. Shi ya sa nake so ku saurara da kyau.

Shi wannan bawan Allah ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba jarumi ba ne. In ma gaskiya za a faɗa, mutum ne mai tsoro. In ana gardama a majalisa, kansa na sunkuye, yana murza rama a cinyarsa. Gonar da yake ciyar da iyalinsa da ita ma ba tasa ba ce, aro ce daga hannun dagaci. Duk shekara in damina ta kusa, sai ya je ya durƙusa ya yi godiya, a ce masa ya ci gaba da nomawa.

To, yana da maƙwabci ana ce masa Tunau, danga ɗaya ta raba su. Wata kaka shanun dagaci suka shiga gonar Tunau suka cinye masa dawa. Ba shi aka fara yi wa ba, an yi wa mutane da yawa sun haɗiye. Shi Tunau bai haɗiye ba. Ranar Juma'a, an idar da salla, jama'a na tsaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, shanunka sun cinye mini dawa, kuma ba bana suka fara ba."

Dagaci bai yi fushi a fuska ba. Murmushi ya yi, ya gyara rawani, ya ce, "Ashe Tunau ya fi ƙarfin gari. To, wanda ya fi ƙarfin gari, sai gari ya bar shi da ƙarfinsa."

Ku saurara, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce kada a gaishe shi ba. Bai ce kada a sayar masa ba. Mutanen gari su suka ƙarasa masa sauran da kansu. Tunau ya je aski, wanzami ya ce askarsa ta dakushe. Ya je wurin mahauci, aka ce naman duk an riga an kama. Ya yi sallama a majalisa, kowa ya dubi bakin na kusa da shi ya ga ko zai amsa, har sallamar ta faɗi ƙasa babu mai ɗauka. Nomau ma haka. In ya hango Tunau tafe, sai ya duƙufa kan igiyarsa kamar ya ga wani abu a cikinta. Abin yana cin ransa, amma ya ɗauka shi kaɗai yake ci, ya ɗauka duk sauran gari sun yarda da abin da ake yi.

Ana nan, bazara ta yi nisa, gobara ta tashi a gidan Tunau ta cinye jinkar ɗakin mahaifiyarsa, Iya Kulu, tsohuwa ce makauniya. Allah ya sa an fitar da ita, bangon ƙasa ma bai faɗi ba. Tunau ya kafa mata 'yar rumfar zana a tsakar gida, ya shiga daji ya yanko ciyawa, ya ɗaure tsaikon sabuwar jinka, ya baibaye shi a ƙasa shi kaɗai. Duk wannan mutum ɗaya na iya yi. Abin da ba ya iyawa shi ne ɗora jinkar kan bango. Al'adar garin, in jinka ta kammala, mai ita ya bi gida gida ya yi gayya, matarsa ta dama kunu, maza su taru su kewaye jinkar su ɗaga ta gaba ɗaya. Ba a biyan kowa, ba a kuma taɓa jin wanda ya ƙi zuwa ba.

Tunau ya bi gida gida. Kowa ya ce masa, "Allah ya kai mu."

Allah kuwa ya kai su. Da la'asar ta yi, maza suka fito, amma maimakon gidan Tunau sai gindin ceɗiyar da ke kallon ƙofarsa. Wakilin dagaci na zaune a tsakiyarsu da sandarsa. Kowa ya zo ne ya ga ko wani zai tashi. Can gabas kuwa hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ruwan farko na shekara. Kowa a wurin ya san abin da ruwa ke yi wa bangon ƙasa marar rufi, ya kuma san rumfar zana ba ta tare wa tsohuwa ruwa da iska.

Nomau ya zauna cikinsu ya kasa jurewa, ya tashi ya shiga gida. Matarsa Tasalla ta dube shi ta gane.

Ta ce, "Malam, kada dai can za ka."

Ya ce, "Can za ni."

Ta ce, "Gonar fa? Shuka ta zo. In aka karɓe ta, me za mu ba yaran nan?"

Ya juya ya dubi danga. Ya ce, "Ban san abin da za mu ci ba, Tasalla. Amma na san abin da ruwan nan zai yi wa tsohuwar can. Tun ɗazu ina jin tarinta ta danga."

Ta miƙo hannu. Sannan ta ce, "To, cire rigar ka ba ni. Ita ke nan gare ka, kada ka yaga ta a banza."

Ya fito daga shi sai wando. Dole ya bi ta gaban ceɗiya. Wakili ya ce, "Nomau, ina zuwa haka ba riga?"

Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, gayya aka yi."

"Ba ka ji abin da mai gari ya ce ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Sai dai ban ji ya ce a bar tsohuwa a ruwa ba. In ya faɗa, a gaya mini."

Wakili bai iya cewa dagaci ya faɗa ba, don bai faɗa ba. Sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Gona dai tana da mai ita."

Nomau ya ce, "Haka ne," ya wuce.

Tunau da ya gan shi bai yi murna ba. Ya ce, "Koma, maƙwabci. Mu biyu ba za mu iya ba, kai ma ka sani. Kada ka rasa gonarka a kan abin da ba zai yiwu ba."

Nomau ya ce, "Na sani. Kama can."

Suka kama. Jinka ta taso zuwa gwiwa, ta koma. Suka sake kamawa, ta karkace, Nomau ya zube da baya, ƙafafu sama. Gindin ceɗiya aka kwashe da dariya. Ya tashi ya kakkaɓe wando ya sake kamawa.

Iya Kulu na cikin rumfarta, ita ba wanda ya taɓa gaya mata abin da gari ke yi wa ɗanta. Da ta ji dariyar maza, sai ta ɗaga murya ta ce, "Tunau, 'yan gayya sun iso ke nan? Na ji muryar Cindo, na ji ta wanzami. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan. Yadda kuka rufa mini asiri, Allah ya rufa muku. A ba su kunu su sha tukuna."

Dariya ta mutu. Kowa ya sunkuyar da kai.

Shi Cindo da ta ambata mahauci ne, kuma taubashin Nomau, ba sa haɗuwa sai sun yi wa juna tsiya. Sai ya miƙe yana kaɗa kai ya ce, "Ku dubi bawan nan nawa, mutum kamar sillen kara, zai karya ƙugu ya bar ni da ciyar da 'ya'yansa. Wakili, ka zama shaida, ni ba don Tunau na tashi ba. Dukiyata zan je in ceto."

Nomau, yana nishi, ya ce, "Yi sauri dai, ƙaton banza, ka kawo tumbin nan mu tokare ta da shi."

Wanzami ya tashi ya ce in aka ji ciwo shi za a nema, gara ya tsaya kusa. Ladan ya ce shi zai je ya nuna musu gefen da ake fara ɗagawa ne kawai. Wani ya ce ƙanensa ya tafi, ba zai bar shi ba. Kowa da 'yar hujjarsa, kowa na faɗa wa Wakili, har aka bar gindin ceɗiya ba kowa sai Wakili da sandarsa. Suka kewaye jinka, ladan ya ce bisimilla, ta tashi sama kamar faifai, ta zauna daram a kan bango. Ana shigar da Iya Kulu ruwa na saukowa.

Suka cunkushe a zauren Tunau suna shan kunu. Wanzami ne ya fara cewa, "Wallahi tun ranar da na ce askata ta dakushe ban ji daɗin raina ba." Wani ya ce shi ma. Wani ya ce shi ya zaci shi kaɗai ne. Nomau na rakuɓe a lungu yana jinsu da mamaki. Ashe duk tsawon watannin nan kowa tsoron kowa yake ji.

Ba zan yi muku ƙarya in ce an bar masa gonar ba. An karɓe ta, kafin ƙasa ta bushe ma. Amma dagaci bai iya hukunta gari duka ba. Cindo ya yanka wa Nomau gefe a tasa gonar, wanzami ya yanka masa, Tunau ma ya yanka masa. Bai yi arziki ba a shekarar, amma 'ya'yansa ba su kwana da yunwa ba, kuma daga ranar aka koma amsa sallamar Tunau.

To, ku saurara, ku 'ya'yana da 'ya'yan 'yan'uwana. Yawancin zaluncin da ake yi a duniya, babba kalma ɗaya yake furtawa, mu ƙanana mu muke ƙarasa masa aikin, kowa na duban fuskar ɗan'uwansa. A girmama na gaba, wannan tarbiyyarmu ce. Amma ba a yi wa wani mahaluƙi biyayya a saɓa wa Mahalicci, kuma ranar hisabi ba a karɓar "na ga kowa na yi". Nomau bai zagi dagaci ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne, nasa bai ɗauka ba. Amma da bai sa shi ba, da sauran hannuwan ba su zo ba.

Abin da ke damuna ke nan in na ga kun fita. A makaranta za a ce kada a kula wane. A wurin aiki oga zai ɓata rai da wani, kowa ya janye jiki. A waya za a taru a kan mutum ɗaya ana yi masa dariya. Lokacin ba na kusa, ba zan iya riƙe muku hannu ba. Ku dai tuna, da wuya a ce ku kaɗai ne abin ke damu. Akwai masu jiran wani ya fara tashi.

Ina kyautata muku zato, kuma ina yi muku addu'a. Amma in ranar ta zo, aka ɗora abincinku a gefe guda, gaskiya a gefe guda, wane ne cikinku zai miƙe, wannan ban sani ba. Ni kaina ban san abin da zan yi ba. Allah kaɗai ya sani.